Shin kabon da ke cikin ƙasar dajin Alberta yana dawowa bayan masu neman mai sun wuce?

Wani ɗalibin kimiyyar ƙasa ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, na ji an ce kamfanonin mai a Kanada suna sake dasa itatuwa a dazuzzukan arewa inda suka yi bincike da haƙa. To in itatuwan sun girma, kabon da ke cikin ƙasa yana komawa yadda yake a da? Kuma shekara nawa yake ɗauka?"

Malam, amsar ta rataya ne a kan wurin da aka taɓa da kuma irin taɓawar da aka yi masa. In a kan tudu ne, inda ruwa ba ya kwanciya, to yana dawowa, amma sai an yi shekaru gomomi. In a fadama ne, sau da yawa itatuwan da kake magana a kansu ma ba sa dawowa, balle a kai ga zancen abin da ke ƙarƙashinsu. Inda kuwa aka kwashe ƙasar fadamar dungurungum, to ni da kai da jikokinmu babu mai ganin dawowarsa. Zan tsaya a lardin Alberta, domin nan ne aka fi yin aikin aunawa, ko da yake irin wannan ɓarna tana nan a yammacin Saiberiya da Alaska.

Sai mun fara gyara wani zato da ke cikin tambayar, wato cewa itace shi ne rumbun kabon. A dajin wurare masu zafi wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba. A dajin arewa mai sanyi kuwa mafi yawan kabon yana cikin ƙasa ne. A wajenmu ganye ya faɗi, kafin damina ta zagayo gara da zafin rana sun cinye shi. A can babu gara, ƙasa takan daskare kusan rabin shekara, kuma wurare da yawa a jiƙe suke sharkaf. Ƙananan halittun da ke ruɓar da matattun tsirrai suna bukatar ɗumi da iskar oksijin, ruwa kuma ya hana su iskar. Saboda haka abin da ya mutu ba ya gama ruɓewa, sai na bana ya hau kan na bara, har ya zama wata baƙar ƙasa mai taushi da ake kira fit. Babban magininta wata gansakuka ce, isfagnum, wadda ke shan ruwa ninkin nauyinta sau da yawa, tana kuma sa ruwan ya yi tsami, ita kanta ba ta ruɓewa da sauri. Mutanen yankin suna kiran irin wannan fadama maskeg. Fadamun fit ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma suna riƙe da kusan kashi ɗaya bisa uku na kabon da ke cikin ƙasar duniya baki ɗaya.

Yi wannan lissafin da kanka, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Fit mai zurfin mita 1 a fili mai faɗin hekta 1, in an busar da shi, nauyinsa ya kai kamar tan 1,000, kuma kusan rabinsa kabon ne. Ka ga tan 500 ke nan. Fadamun arewa kuwa, in aka duba tsawon tarihinsu, suna tara kimanin giram 20 zuwa 25 na kabon a kowace murabba'in mita a shekara, wato kamar rubu'in tan a hekta. Raba 500 da rubu'i, za ka samu shekara 2,000. Na mita ɗaya ke nan, alhali fadamu da yawa a Alberta zurfinsu ya kai mita 2 ko 3 ko fiye, sun kuma fara taruwa ne dubban shekaru da suka wuce, bayan ƙanƙarar da ta rufe yankin ta ja da baya. Siraran itatuwan baƙin sifurus da ke tsaye a kan irin wannan fadama, ko duka ka tattara, kabon ɗinsu ɗan kaɗan ne a gefen abin da suke tsaye a kai.

Yanzu sai irin taɓawar. Tun da aka samu mai a rijiyar Leduc a watan Fabrairun 1947, aka shiga ratsa dajin Alberta ana nema. Hanyar binciken ita ce a aika girgiza cikin ƙasa, da nakiya ko da manyan motoci masu jijjiga, a jera na'urorin saurare a kan layi, a karanta amon da ya dawo daga duwatsun ƙarƙashi. Wannan yana bukatar hanya miƙaƙƙiya, don haka daga shekarun 1950 zuwa na 1990 katafila ce ke shiga ta kwantar da daji a faɗin mita 5 zuwa 10, kilomita bayan kilomita. Su ake kira layukan sismik. In aka haɗa tsawonsu a Alberta kaɗai ya haura kilomita miliyan ɗaya da rabi. Daga shekarun 1990 aka koma yanka sirara, masu karkacewa suna kauce wa manyan itatuwa, sai dai a wuraren yashin mai, wato yashi mai kwalta da ake fitar da mai daga cikinsa, ana jera su kusa da juna ƙwarai, wani lokaci tazarar mita 50 zuwa 100 kawai, tsaye da kwance. Bayan layuka akwai dandamalin rijiya, fili kamar hekta 1 da ake sharewa, sai hanyoyin mota da na bututu, sai kuma manyan ramukan haƙar yashi mai kwalta a arewacin garin Fort McMurray, waɗanda aka fara a 1967.

A kan tudu labarin da sauƙi, ba zan daɗe a kansa ba. Kabon ɗin ƙasar tudu kashi biyu ne: shimfiɗar ganye da ruɓaɓɓun rassa da ke sama, da wanda ya manne da yumɓu a ƙasa. Na biyun ba ya motsi da sauri, na farkon ne katafila ke kankarewa. In a hunturu aka yi aikin, ƙasa a daskare, an ɗaga bakin katafilar bai ci ƙasa ba, to saiwar itacen asfen tana nan da rai, kuma asfen daga saiwa yake tohowa. Shekaru kaɗan sai ka ga layin ya cika da 'yan itatuwa, ganye ya fara zuba, shimfiɗar ta fara kauri. Wannan daji ya saba da gobara, ya san yadda ake tashi bayan faɗuwa. Matsalar tudu tana kan tsofaffin dandamalin rijiyoyi, inda aka kwashe ƙasar sama aka cakuɗa ta da ta ƙasa, manyan motoci suka daddanne wurin, sannan aka watsa irin ciyawar kiwo don a ce ya yi kore. Ciyawar ta kama, ta hana itace fitowa. Masu bincike da suka koma irin waɗannan wurare shekaru da dama bayan an ba su takardar shaidar gyara sun tarar ƙasar har yanzu ta fi ta dajin da ke gefe tauri, shimfiɗar ganyen kuma ba ta kai ba.

A fadama ne gizo ke saƙa. Wanda bai taɓa shiga maskeg ba zai ɗauka shimfiɗaɗɗen wuri ne, alhali duk 'yan tuddai ne da 'yan kwaruruka, bambancin tsayinsu bai wuce santimita gomomi ba. Wannan ɗan bambanci shi ne rayuwar wurin. A kan tudun gansakuka ne ƙwayar sifurus ke samun inda za ta tsiro ba tare da saiwarta ta nutse ba. Da mota mai nauyi ta bi ta kai, sai ta baje tuddan, ta danne fit ɗin, layin ya zama ɗan kwari da ya fi gefensa ƙasa da 'yan santimita. Ruwan da ke ƙarƙashi ya matso sama. Itatuwan da a da suke zuƙe ruwa suna fitar da shi ta ganye an sare su, don haka babu mai rage shi. Rana tana dukan wurin kai tsaye, ƙasa ta ƙara ɗumi. Irin gansakukar da ke gina tuddai ta ja baya, ciyayi dangin aya-aya suka karɓe wurin. Duk ɗan itacen da ya leƙo sai ruwa ya shaƙe shi. Haka layin zai zauna, ba ya gaba ba ya baya, ga kuma mafarauta da masu wasa da babura masu ƙafa huɗu da motocin kan dusar ƙanƙara sun mai da shi hanya, kowace shekara suna sabunta dannewar.

An auna wannan. Philip Lee da Stan Boutin sun bi tsofaffin hotunan sama, suka wallafa a 2006 cewa bayan shekara 35 kusan kashi 65 cikin ɗari na layukan da suka duba suna nan a buɗe, waɗanda itatuwa suka rufe fiye da rabinsu kuwa kamar kashi 8 ne kawai. Wani bincike na 2015 ya yi hasashen cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na tsofaffin layuka ba za su samu itatuwa masu tsayin mita 3 ba ko bayan shekara 50, kuma fadamu masu ruwa ne suka fi makalewa.

Sai dai a nan ina so ka yi hattara, domin wasu masu kishin muhalli sukan zarce gona da iri. Layin da ya ratsa fadama bai kwashe fit ba, danne shi ya yi. Yawancin tsohon kabon yana nan kwance, ruwan da ya ƙaru ma yana kare shi daga ruɓewa. Abin da ya canza shi ne numfashin wurin. Inda babu oksijin akwai wasu ƙananan halittu da ke cin matattun tsirrai suna fitar da iskar metan, kuma suna son ɗumi da ruwa, abubuwa biyun da layin ya ƙara musu. A fadama lafiyayya, metan ɗin da ya taso daga ƙasa yakan ratsa busasshen saman gansakuka, inda wasu halittun ke cinye kaso mai yawa kafin ya fita. A kan layi wannan busasshen saman ya siranta, ga kuma ciyayin nan masu rami a cikin kararsu suna zuƙo iskar daga saiwa su sake ta sama kai tsaye. Maria Strack ta Jami'ar Waterloo da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2019 cewa aƙalla kilomita 345,000 na layuka sun ratsa fadamun Alberta, sun shafi murabba'in kilomita 1,900, kuma suna ƙara tan dubu 4.4 zuwa 5.1 na metan a shekara. In aka gwada da hayaƙin matatu da motoci adadin ba babba ba ne. Abin lura shi ne metan ya fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 28 a lissafin shekara 100, kuma wannan fitar ba ta ɗauke ba don an daina aiki a wurin.

Can arewa, wajen iyakar Alberta da yankin Northwest Territories, akwai ƙarin masifa. Wasu fadamun suna zaune ne a kan daskararriyar ƙasar da ba ta narkewa ko da bazara, kuma inuwar itatuwa da busasshiyar gansakuka ne ke kare ta. Da an yanka layi sai ƙanƙarar ta fara narkewa, ƙasa ta lotsa, ruwa ya taru, ruwan ya ƙara narkar da gefe, itatuwan baki su karkace su faɗa. A yanayin ɗumamar da ake ciki, ƙanƙarar da ta narke ba ta sake haɗuwa. Hanyoyin mota su ma nasu salon daban: ruwan fadama yana tafiya a hankali ta cikin fit, hanya ta tare shi, gefe ɗaya ya cika itatuwa su mutu a tsaye, ɗaya gefen ya bushe, iska ta shiga fit ya fara ruɓewa.

Asarar gaske tana wurin da aka kwashe ko aka binne. Dandamalin rijiya a fadama, yumɓu ake jibgawa a kai har motoci su iya tsayawa, gansakukar ta mutu a ƙarƙashi, tara kabon ya tsaya cak. Ramukan haƙa kuwa sai an janye ruwan fadamar, a kwashe fit ɗin, kafin a kai ga yashin. Fiye da rabin yankin da ake haƙar dausayi ne tun asali. A 2012 Rebecca Rooney da Suzanne Bayley da David Schindler na Jami'ar Alberta suka ɗauki tsare-tsaren rufe ramukan haƙar da kamfanonin da kansu suka miƙa wa hukuma, suka gwada da yadda ƙasar take kafin a taɓa ta. Suka gano za a rasa fadamar fit sama da hekta 29,500, kabon ɗin da zai salwanta kuma tsakanin tan miliyan 11.4 ne da 47.3. Dalilin a fili yake. Dokar Alberta ba ta ce a mayar da wuri yadda yake ba, cewa ta yi a mayar da shi ya zama mai amfani daidai da na da. Don haka ana iya karɓar fadama a biya da tudu mai itatuwa da tafki. Fili na farko da aka ba takardar shaidar kammala gyara a yankin haƙar shi ne Gateway Hill na kamfanin Syncrude, a 2008, hekta 104, daga cikin fiye da murabba'in kilomita 900 da haƙar ta taɓa zuwa yau. Shi ma dajin tudu ne.

Ba a ce ba a gwada gina fadama ba. Syncrude ya gina Sandhill Fen, kamfanin Suncor ya gina Nikanotee Fen, duka a farkon shekarun 2010, tare da masana daga jami'o'i. Tsirrai sun kama, kuma an koyi abu mai yawa game da yadda ake sarrafa ruwa. Amma gishirin da ke tsattsafowa daga sharar haƙa yana damun gansakuka, ciyayi masu jure gishiri da kacalla sun fi samun wuri, kuma Nikanotee ɗin duka-duka kamar hekta 3 ne. A kan dandamalin rijiyoyi an fi samun haske: a kwashe yumɓun ko a rage shi har ya yi daidai da matakin ruwa, sannan a ɗebo saman gansakuka daga wata fadama a watsa, a rufe da tattaka. Line Rochefort ta Jami'ar Laval ce ta jagoranci ƙirƙiro wannan dabara a lardin Kebek na Kanada, a fadamun da aka kwashi fit don sayar wa masu lambu. A can an ga fadamar da aka yi wa haka ta koma shan kabon fiye da yadda take fitarwa cikin shekara goma sha wani abu. To ka rarrabe abu biyu: wuri ya koma tarawa daban, ya mayar da abin da aka rasa daban. Na farko aikin shekaru ne, na biyu shi ne lissafin 2,000 ɗin nan.

Tunda ɗalibi ne kai, bari in nuna maka inda alƙaluma ke yaudara, domin za ka ci karo da rahotannin da ke cewa ƙasar da aka gyara ta fi ta daji kabon. Wani lokaci gaskiya ne a kan takarda. Wajen gyaran wuraren haƙa ana cakuɗa fit ɗin da aka kwaso da ƙasa a shimfiɗa a kan tudu. In ka auna za ka samu kabon mai yawa, amma ba wurin ne ya tara shi ba, kawo shi aka yi, kuma yanzu yana cikin iska yana ruɓewa a hankali. Haka nan dannewa. In ka ɗebi samfur mai zurfin santimita 30 a kan layi da wani mai santimita 30 a gefe, na kan layin ya fi nauyi domin an cusa ƙasa mai yawa a ɗan wuri, sai lissafi ya nuna maka kabon ya ƙaru alhali ko ƙwaya bai ƙaru ba. Maganin wannan shi ne a gwada nauyi da nauyi, ba zurfi da zurfi ba. Sabuwar gansakuka ma tana ruɗin mutane: takan yi kaurin santimita da dama cikin 'yan shekaru, mutum ya raba da shekarun ya samu sauri mai ban sha'awa, ya manta cewa mafi yawan wannan sabon saman zai ruɓe kafin ya nutse ƙasa da matakin ruwa ya zama fit na dindindin.

Wani abin da ya kamata ka sani, kuɗin da ake kashewa wajen gyaran layuka ba don kabon ake kashe shi ba, don barewar karibu ne. Kyarketai sun gane layukan, suna tafiya a kansu da sauri ninki biyu ko fiye na yadda suke yi a cikin daji, suna kai wa karibu hari har cikin fadamun da a da suke mafakarsu. Karibun dajin arewa yana cikin dabbobin da dokar Kanada ta lissafa a matsayin masu fuskantar barazana, kuma tsarin ceto shi na 2012 ya nemi kashi 65 cikin ɗari na mazauninsa ya zama wanda ba a taɓa ba. Don haka ake shiga da motar haƙa a hunturu, a ɗebo fit a kife shi ya zama tudu, a dasa sifurus ko tamarak a kai, a karyo itatuwan gefe a gicciya. Kamfanin Cenovus ya yi irin wannan a yankin Cold Lake. Itatuwan suna kamawa, wannan babu musu. Amma duba abin da aka yi wa ƙasa: an tono tsohon fit daga cikin ruwa an shanya shi a iska, an binne rayayyiyar gansakuka a ƙarƙashinsa, an bar rami cike da ruwa a gefen kowane tudu yana fitar da metan. A shekarun farko asara ce ta fuskar kabon, ana fatan itatuwan su biya bashin daga baya. A ganina tsohuwar hanyar kifewa gudun gara ne a faɗa gidan zago in kabon ake nufi, kuma na fi gamsuwa da sababbin gwaje-gwajen da ke ɗaga tudun ba tare da an juya shi ba, ko a ciro tudun gansakuka sukutum daga gefe a dasa a kan layin, saman yana sama.

Gobara ma tana da fuska biyu. Wutar Fort McMurray ta watan Mayun 2016 ta ci kusan hekta 590,000, ta kori mutane sama da 80,000 daga gidajensu. Bayan wuta irin wannan an ga layuka da yawa sun fara farfaɗowa tare da dajin gefe, musamman a dajin itacen fayin da zafin wuta ke buɗe masa ƙwaya. Amma a fadamar da hanya ko magudana ta busar, wutar takan nutsa cikin fit ta yi ta ci a ɓoye, har ta kwana cikin hunturu a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta cinye tarin ɗaruruwan shekaru a kaka ɗaya.

In aikin bincike za ka yi a kan wannan, kada ka fara da ƙirga itatuwa. Kafa bututun auna ruwa a kan layi da kuma mita gomomi cikin dajin gefe, ka riƙa karanta zurfin ruwa tun narkewar ƙanƙara har kaka. Ka auna tsayin tuddai da kwaruruka, ka rubuta wace gansakuka ce a ina. Samfurin ƙasa ka ɗebe shi da ma'aunin da ka san cikinsa, don ka iya fitar da nauyi. Iskar da ke fita kuwa da akwatin da ake kifawa a ƙasa ake kama ta, kuma ka auna metan tare da kabon dayoksaid, domin layi kan iya nuna yana shan na biyun da kyau saboda yawan ciyawa alhali yana zubar da na farkon. Shekara ɗaya ba ta isa ba: bazara mai fari da mai ruwa kan ba da sakamako masu karo da juna a wuri guda.